Nasiha Ga Matasa Kan Gwanintar Tsara Abubuwa

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, maza da mata, da waɗanda kuke makarantu, da waɗanda kuke zaune gaban iyayen gidanku kuna koyon sana'a. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mas'ala da malaman jami'o'in Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara 60 suna nazari a kanta, wadda kuma a ganina ta shafe ku fiye da yadda kuke zato, wato gwanintar nan da ke sa mutum ya dubi wata buƙata da ba a biya ba, ya sawwara a zuciyarsa abin da zai biya ta tun abin bai samu ba, sa'an nan ya zana shi, ya gwada, ya gyara, har ya fito da shi fili jama'a su amfana. Ita ce gwanintar mai zanen gine-gine, da injiniya, da maƙeri, da telan da ke fito da sabon yanka. Ita ce kuma gwanintar wanda ya tsara yadda marasa lafiya za su bi layi a asibiti ba tare da an galabaitar da tsofaffi ba. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wannan baiwa ce tsantsa, wanda aka ba an ba shi, wanda aka hana sai ya haƙura. Alhali kuwa binciken da zan ba ku labarinsa ya nuna cewa mafi yawanta koyonta ake yi, kuma akwai tarbiyyar da ke raya ta, akwai wadda ke dusashe ta.

A shekarar 1962 aka yi wani taro a birnin Landan, inda injiniyoyi da masu zanen gine-gine suka haɗu da niyyar kafa wa wannan aiki ƙa'idoji irin na lissafi, domin a zamanin nan an ga abin da hanyoyin kimiyya suka aikata a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har mutane suka yi tsammanin babu wata mushkila da za ta gagari tsari mai matakai. Fatarsu ita ce a tattara bayanai tukuna, a rarraba mas'ala gida-gida, a warware kowane gida, a haɗa, sai amsa ta fito da kanta. Ba a daɗe ba sai biyu daga cikin jagororin wannan tafiya, Christopher Alexander da John Chris Jones, suka juya mata baya a fili, saboda sun ga cewa gwanaye na haƙiƙa ba haka suke aiki ba. A 1973 kuma Horst Rittel da Melvin Webber na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana dalilin: matsalolin da suka shafi zaman mutane, kamar inda za a bi da hanya ko yadda za a tsara unguwa, ba su da tsayayyen bayani tun farko, ba su da lokacin da za a ce an gama, kuma amsarsu ba ta shiga babin daidai ko kuskure, sai dai a ce wannan ta fi waccan kyau ko ta fi ta muni. Daga nan masu bincike suka sauya alƙibla, suka bar koya wa gwanaye yadda ya kamata su yi tunani, suka koma zama kusa da su suna lura da yadda suke yi.

Mafi daɗin ji a cikin abin da wannan lura ta haifar, a wurina, shi ne gwajin da Bryan Lawson ya wallafa a 1979, malamin da daga baya ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Sheffield ta Ingila. Ya kawo ƙungiya biyu, ɗaya ta ɗaliban zanen gine-gine da ke shekararsu ta ƙarshe, ɗaya ta ɗaliban kimiyya da suka riga suka sami digirin farko, ya ba su wasu 'yan tubala da aka shafa wa gefunansu ja ko shuɗi, ya ce su jera su yadda launi ɗaya zai mamaye kewayen gwargwadon iko. Sai dai akwai wata ɓoyayyar ƙa'ida da ta halatta haɗa wasu tubala ta haramta wasu, ba a kuma faɗa musu ita ba, iyaka in sun jera a gaya musu ya karɓu ko bai karɓu ba. Ɗaliban kimiyya suka duƙufa ga gwada haɗi iri-iri cikin hanzari don su gano ƙa'idar, suna ganin in ta bayyana amsa za ta biyo. Ɗaliban zane kuwa suka fara da jerin da suke ganin zai ba su launin da ake nema, in an ƙi shi su ɗan sauya su sake miƙawa, suna fahimtar ƙa'idar ta hanyar ƙoƙarin kai wa ga natija. Waɗancan hankalinsu na kan mas'ala, waɗannan nasu na kan mafita, kuma kowace hanya tana da muhallinta.

Amma fa'idar da nake so ku riƙe tana cikin kashi na biyu na gwajin. Lawson ya maimaita shi da ɗaliban da suke gab da gama sakandare, da kuma waɗanda suka shiga shekarar farko ta karatun zanen gine-gine, sai ya tarar dukkansu ba su kai manyan iyawa ba, kuma babu wata tsayayyar hanya da suka bi. Ashe bambancin da aka gani tsakanin manyan ba da shi aka haife su ba, shekarun karatu ne suka dasa shi. Wanda ya karanta Muƙaddimar Ibnu Haldun, wadda ya rubuta a 1377, ba zai yi mamakin wannan ba, domin shehin malamin ya riga ya tabbatar da cewa sana'a ɗabi'a ce da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki har siffarsa ta zauna, cewa koyo ta gani da ido da taɓawa da hannu ya fi koyo ta labari, kuma ƙwarewar almajiri tana bin ƙwarewar wanda ya koya masa. Abin da malaman zamani suka ƙara shi ne awo da hujjar gwaji. Saboda haka kada ɗayanku ya ce shi ba a halicce shi da basirar ƙirƙira ba alhali bai taɓa ba ta ko wata shida na mudawama ba.

To, mene ne gwani yake yi wanda ɗan koyo ba ya yi? Cynthia Atman da abokan aikinta a Amurka sun sa ɗaliban injiniya sababbin shiga, da masu shirin fita, daga baya kuma a binciken da suka wallafa a 2007 da ƙwararrun injiniyoyi 19, kowa ya tsara filin wasan yara na wata unguwa yana faɗin abin da ke zuciyarsa a bayyane ana naɗa. Ƙwararrun sun fi ɗalibai daɗewa wajen tantance iyakar aikin, sun fi su yawan tambaya, kuma tambayoyinsu sun fi yaɗuwa zuwa fannoni dabam-dabam. Duk da haka tambaya kaɗai ba ta wadatar ba, gama an ga wasu sababbin ɗalibai da suka ɓata mafi yawan lokacinsu wajen fayyace mas'ala, ƙarshe aikinsu bai yi armashi ba, saboda sun kasa ƙetarawa daga tara bayani zuwa gabatar da wani abu. Donald Schön na cibiyar MIT, wanda ya yi nazarin yadda wani malamin zane yake gyara wa ɗalibarsa aikin makarantar da za a gina a kan gangare, ya bayyana a 1983 cewa gwani yakan ja layi a takarda, ya tsaya ya ga abin da layin ya jawo wanda bai yi niyya ba, ya amsa masa da wani layin, ta haka fahimtar mas'ala da siffar mafita suke girma tare. Wannan shi ya sa nake roƙonku kada ku ji kunyar mummunan zane na farko; aikinsa shi ne ya nuna muku abin da ba ku sani ba tukuna.

Akwai kuma wata cuta da ya wajaba in gargaɗe ku a kanta, musamman ku da kuka taso da waya a hannu, kuna iya ganin aikin mutanen duniya duka kafin ku ɗaga fensir. A 1991 David Jansson da Steven Smith suka ba injiniyoyi da ɗalibai aikin tsara wasu kayayyaki, daga ciki har da kofin shan gahawa wanda ba ya zuba, suka nuna wa rabinsu wani misali mai aibi, rabi kuma ba a nuna musu kome ba. Waɗanda suka ga misalin sai suka riƙa kwaikwayon siffofinsa, har da waɗanda aka faɗa musu ƙarara cewa ba a so. Taƙlidi ke nan a fagen sana'a, yana shiga zuciya ba da sallama ba, mai shi kuma yana rantsuwa cewa ijtihadinsa ne. Maganin da aka jarraba ya fito daga Jami'ar Stanford a 2010, inda Steven Dow da abokansa suka sa mutane tsara tallar intanet: wasu suna yin guda ɗaya, a yi musu gyara, su sake, har zuwa ƙarshe, wasu kuma suna yin biyu ko uku a lokaci guda kafin a yi musu gyara. Da aka saki tallace-tallacen a intanet, na ƙungiya ta biyu sun fi jan masu dannawa, sun fi bambanta da juna, masu su kuma sun fi jure suka, alhali da yawa daga ƙungiyar farko sun ji zafin gyaran da aka yi musu. Hikimar a bayyane take: wanda ya zuba ransa duka a kan ra'ayi ɗaya yana jin sukar ra'ayin kamar sukar mutuncinsa, wanda kuwa ya zo da uku yana sauraron mai gyara da kunnen mai neman gaskiya.

Game da makarantu, tun a 1969 Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya koka cewa makarantun injiniya da na kasuwanci da na likitanci sun yi watsi da koyar da tsarawa don neman martabar kimiyya, alhali tsarawa ita ce zuciyar aikin da suke shirya ɗalibansu dominsa. A Ingila, Bruce Archer na Kwalejin Sarauta ta Fasaha da ke Landan, da Nigel Cross bayansa a 1982, suka kafa hujjar cewa ilimi rukuni uku ne, na kimiyya, da na adabi, da na tsarawa da ƙira, kuma rukuni na uku haƙƙin kowane yaro ne, ko zai zama injiniya ko ba zai zama ba. Dokar ilimi ta 1988 ta shigar da darasin fasaha cikin darussan dole na makarantun gwamnati a can, ko da yake daga baya an sassauta wajabcinsa ga manyan ɗalibai, masu ɗaukarsa kuma suka ragu ƙwarai. Mu ma a Nijeriya mun taɓa kama wannan hanya, lokacin da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982 da darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin ɗakin aiki, da wutar lantarki, da malamin da ya san kansu. Abin da ya rage sai yara suna haddace sunan zarto da guduma don cin jarrabawa. Wannan yana ba ni baƙin ciki matuƙa, domin ƙasar da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara a ƙarni na 19 ba ta rasa gadon wannan ilimi ba. Abin da aka rasa shi ne gadar da za ta haɗa aji da maƙera.

Yanzu sai mu juya ga 'yan kasuwa, inda ake buƙatar ku buɗe ido sosai. Kamfanin IDEO, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1991, da makarantar tsarawa da David Kelley ya jagoranci buɗewa a Stanford a 2005 da gudummawar dala miliyan 35 daga attajirin Jamus Hasso Plattner, su suka yayata ra'ayin cewa manajoji ma suna iya aron hanyar masu zane: su je su zauna da mai sayen kayansu, su fito da ra'ayoyi masu yawa, su yi samfurin gwaji mai araha, su kai a taɓa. Roger Martin, wanda ya shugabanci makarantar kasuwanci ta Rotman a Toronto, ya ƙara da cewa kamfanoni sun fi son abin da alƙaluman jiya suka tabbatar, sabon abu kuwa ba shi da alƙaluman jiya, don haka sukan kashe shi tun yana tsiro. Cibiyar tsarawa ta ƙasar Danmak ta kasa kamfanoni hawa huɗu a 2001: wanda ba ruwansa da tsarawa, da wanda yake kiran mai zane a ƙarshe don ya ƙawata kaya, da wanda yake sa shi cikin aikin tun daga farko, da wanda tsarawa ta shiga har cikin shawarar inda kamfanin zai dosa. A 2018 kuma kamfanin McKinsey ya bi diddigin kamfanoni 300 na tsawon shekara biyar, ya ba da rahoton cewa rubu'in da ya fi kula da tsarawa ya zarce takwarorinsa a haɓakar kuɗin shiga da maki 32 cikin ɗari.

Ina kawo muku wannan adadi ne tare da sharaɗi, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun dubi mai ruwayar. Na farko, tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne sababin ɗaya, domin mai yiwuwa ne kamfanin da ya riga ya yi ƙarfi shi ke da halin ɗaukar gwanayen masu zane. Na biyu, wanda ya yi binciken yana cikin masu sayar da shawara a kan wannan fanni. Hasali ma Bruce Nussbaum, ɗaya daga cikin 'yan jaridar da suka fi tallata wannan tafiya a Amurka, ya fito a 2011 ya ce gwajin bai yi nasara ba, saboda kamfanoni sun mayar da ita jerin matakai marasa rai, irin kuskuren da mutanen 1962 suka yi. Hukuncina a nan shi ne, asalin abin gaskiya ne, amma an yi masa ƙari a kasuwa. Za ku ga ana kiran bita ta kwana biyu ko uku, a liƙa 'yan takardu masu launi a bango, a raba takardar shaida. Ku halarta in kun sami dama, za ku ƙaru da wani abu, sai dai kada ku fito kuna zaton kun zama gwanaye, gama binciken Lawson da na Atman duka sun nuna cewa abin da ya raba gwani da ɗan koyo shekaru ne na aiki a fanni ɗaya, ƙarƙashin idon wanda ya fi shi.

Kada kuma ku ɗauka kyawun ra'ayi a idon masu kuɗi shi ne ma'auni. A Afirka ta Kudu an ƙera wani famfo mai suna PlayPump, lilo ne mai zagayawa wanda in yara suna wasa a kansa yake jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Bankin Duniya ya ba shi kyauta a 2000, a 2006 kuma aka yi shelar tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi don yaɗa shi. Da aka koma ƙauyukan da aka kafa shi, a Mozambik da wasu wurare, sai aka tarar yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, mata har da tsofaffi su ke tura lilon da hannu cikin wahala, kuɗinsa ya ninka na famfon tuƙa-tuƙa, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. An tambayi kowa ban da matar da za ta ɗebi ruwan.

Ku gwama wannan da aikin Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya kuma fito daga gidan masu ginin tukwane. Ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoman da ba su da lantarki, har dole su sayar da hasara, 'yan mata kuma su wuni suna talla maimakon zuwa makaranta. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin abin da ke ciki. Kowace tsohuwa ta san randa tana sanyaya ruwa, saboda haka asalin hikimar tsohuwa ce. Gwanintarsa tana cikin gwaje-gwajen da ya yi ta yi har abin ya daidaita, da ba maginan tukwane na yankin aikin don kuɗin ya zo daidai aljihun talaka, da raba dubban tukwane daga aljihunsa, da shirya wasan kwaikwayo da aka riƙa nunawa a ƙauyuka don mutane su gane amfaninsa. An ruwaito cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a cikinta, kuma a shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex. Duk sharuɗɗan da malaman jami'a suka gano a ɗakunan gwaji suna cikin wannan aiki: sanin kayan aiki tun daga gida, da zama da mai buƙata, da haƙurin maimaita gwaji.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Wanda yake jami'a ko kwaleji, ya nemi wani maƙeri, ko kafinta, ko magini, ko mai gyaran waya a unguwarsu, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya roƙi izinin zama wurinsa a ranakun hutu, kada digiri ya hana shi riƙe masa ƙarfe. Wanda yake wurin sana'a, ya sayi littafin rubutu da fensir, ya riƙa zana abin da zai ƙera kafin ya taɓa kaya, yana rubuta abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa. Kowannenku kuma, mace ko namiji, ya zaɓi wata wahala guda da yake gani kullum a gidansu ko a kasuwarsu, ya zauna da masu shan ta ya saurare su har su gama, ya fito da mafita uku da kwali ko yumɓu ko guntun katako, ya kai musu su taɓa, ya kame bakinsa yayin da suke faɗin aibinta. Ku fara a cikin wannan hutun da ke tafe, Allah Ya yi muku jagora, Ya sa albarka a hannuwanku.